Awa Shida Cikin Shekara Guda: Me Aka Auna a Biristol?

Yaro ya cika shekara uku bai iya haɗa kalmomi biyu ba, aka kai shi wurin masu gyaran magana, shekara na zagayowa sai ga shi yana zuba kamar kanari. Iyayensa za su rantse cewa horon ne ya buɗe masa baki. Mai bincike ba shi da hurumin yin wannan rantsuwa, domin yara da dama bakinsu kan buɗe ko an taɓa su ko ba a taɓa su ba. Shi ya sa ake raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa rukuni ɗaya horo, a zuba wa ɗayan ido, sannan a kwatanta.

Haka aka yi a birnin Biristol na Ingila, aka buga sakamakon a mujallar BMJ a shekarar 2000. Yara 159 ne waɗanda ba su isa shiga makaranta ba. Bayan wata 12, cikin manyan ma'aunai biyar, a ɗaya kaɗai waɗanda aka horar suka yi zarra, wato fahimtar abin da aka faɗa musu. Shugaban asibitin da ke neman inda zai rage kashe kuɗi, wannan ya ishe shi hujja.

Sai dai akwai wani adadi a cikin rahoton da ya kamata a fara dubawa: kowane yaro, in aka yi raba-daidai, horon kimanin awa shida ya samu a duk tsawon shekarar. Rabin awa ke nan a wata. A ganina binciken ba shi da aibu, kuma masu shi sun faɗi gaskiya. Abin da suka auna shi ne ɗan abin da asibitocin ke iya bayarwa a lokacin. Wanda ya lashi magani sau ɗaya a wata ba ya cikin masu ba da shaida a kan ingancinsa.

A Jamus an bi wata hanyar da manya 156 waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa maganarsu wata shida ko fiye kafin gwajin, lokacin da farfaɗowar da jiki ke yi da kansa ta riga ta lafa. Aka ba su aƙalla awa goma a mako har mako uku. Mujallar Lancet ta buga a 2017 cewa maganarsu ta yau da kullum ta inganta fiye da ta waɗanda aka sa su jira.

Amma jira ba kishiya mai ƙarfi ba ce. Ana iya ba majinyaci ƙwayar da babu magani a cikinta bai sani ba. Ba a iya ɓoye masa cewa wani ya zauna yana sauraronsa. Wannan ne ya sa masu binciken ACT NoW a arewa maso yammacin Ingila suka ɗauki 'yan ziyara marasa ilimin gyaran magana su riƙa zuwa hira da rabin majinyata 170, a watannin farko bayan ciwon. A 2012 suka bayyana cewa bayan wata shida duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, kuma ba a ga tazarar a-zo-a-gani ba tsakanin wanda ƙwararre ya horar da wanda aka taya hira.