Matasan Kura da Bunkure su ƙera nasu wasannin da Hausa

Duk wanda ya bar Kano ta hanyar Zariya da rani, ya ƙetare gadar Tamburawa a ƙasar Dawakin Kudu, ya nausa Kura da Kadawa, zai ga gonaki kore shar dama da hagu, alhali ko gajimare babu a sama. Zai kuma ga samari a rumfar mai cajin waya, kowa ya duƙufa a kan tasa, ana buga ƙwallo ko harbe-harbe ko tseren mota. Da wuya ka sami ɗaya cikin wasannin nan da ke jin Hausa, balle wanda ya san akwai gari mai suna Bunkure. Iyaye da yawa na ɗaukar abin annoba, suna neman dabarar raba yara da waya. Ni ina ganin yaran nan ba za su daina wasa ba, don haka abin nema shi ne su tashi daga masu bugawa kawai su zama masu ƙerawa. Akwai kuwa nau'in wasa guda da ya yi daidai da aljihunsu da harshensu, wato wasan labari, wanda mai bugawa ke zama jarumin labarin, a kowace mararraba ya zaɓi hanya, zaɓin nasa kuma ya jawo abin da zai biyo baya.

Asalin wannan nau'i ma hujja ce. Ba kamfani ya fara shi ba. Wani injiniyan kwamfuta a Amurka, Will Crowther, mai sha'awar shiga koguna ne, ya kuma san lunguna da saƙo na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. A wajajen 1976 ya rubuta wasan Colossal Cave Adventure a lokacinsa na hutu, babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla: kwamfuta ta faɗa maka inda kake, kai kuma ka rubuta abin da za ka yi. A 1977 wani ɗalibi a jami'ar Stanford, Don Woods, ya ci karo da wasan, ya nemi izini, ya faɗaɗa shi, daga nan wasan ya yi ta yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta kyauta. Abin da ya ba wasan rai shi ne Crowther ya san wurin da yake bayyanawa da ƙafarsa. Shi ma The Oregon Trail ba kamfani ya fara shi ba, wasu ɗalibai uku masu koyon aikin malanta ne suka haɗa shi a Minnesota a 1971 don koyar da tarihi: kai ne jagoran ayari, kai za ka yanke shawarar guzurin da za a saya da inda za a ƙetare kogi, in ka yi kuskure a rasa rai ko dukiya.

To, wane wuri ya fi yankin noman rani na Kano cika da irin waɗannan mararrabu? Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke bin babbar magudana yana rarrabuwa zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Rayuwar manomi a nan zaɓi ce bisa zaɓi. Wanda gonarsa ke bakin ƙofar ruwa da wanda ke can ƙarshen layi ba ɗaya suke ba; in na farko ya tare ruwa fiye da rabonsa, na ƙarshe ya kwana yana kallon shukarsa tana yaushi. Shin ya kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, ko ya ci bashi ya hayo injin ban ruwa, ko ya bi dare ya buɗe ƙofar da kansa ya jawo rigimar da za ta kai gaban mai gari? Ya dasa tumatir da wuri don ya riski tsada, ko ya bi sahun jama'a ya kai kayansa Kwanar Gafan a makon da kwanduna suka yi yawa har dillali ke taya abin da bai biya kuɗin mota ba? Ya koma alkama ko albasa? Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya, ya san cewa shawara ɗaya kan ɗaga gida ko ta durƙusar da shi. Wannan duka kayan wasa ne tsaf, mai rassa da sakamako da fargaba, kuma babu wani ƙwararre a Legas ko Landan da zai iya rubuta shi kamar yaron da ya tashi yana tare ruwa a kwami da fartanya.

Ba kuma baƙon abu ba ne a adabinmu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, labarin tafiya ne ta neman ruwan magani, daga wannan gari zuwa wancan, kowane zango da tarkonsa. Mai ba da tatsuniya da dare kan karkata labarin Gizo gwargwadon yadda yara suka amsa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mun riga mun gwada ƙirƙira ba tare da jiran kowa ba. Marubutan adabin kasuwar Kano, tun daga shekarun 1980, da kuɗin aljihunsu suka buga littattafansu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, littafi ɗaya ya zaga gidaje goma ta hanyar aro da haya. Fim ɗin Turmin Danya na 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi, kuma daga irin wannan ƙaramin mafari Kannywood ta girma. Yau mata marubuta na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, masu karatu na yi musu gardama kan abin da ya kamata jaruma ta yi. Mai karatun da ke wannan gardama ya riga ya zama mai buga wasan labari, maɓallin zaɓi kaɗai ya rage a miƙa masa.

Za a ce ina kwamfuta, ina wuta, ina ilimin rubuta manhaja? Shekara ashirin baya da wannan tambaya ta kashe maganar. Amma tun 2009 akwai Twine, manhajar da Chris Klimas ya fitar kyauta. Kana rubuta labari a akwatuna, ka haɗa wannan da wancan, ita kuma ta fitar maka da fayil guda ƙarami wanda wayar Android mai araha za ta buɗe ko babu data. Tsofaffin wasannin rubutu na buƙatar kwamfuta ta gane umarnin da aka rubuta mata, abin da ya ɗaure yawancinsu ga Ingilishi. A Twine taɓa zaɓi kawai ake yi, don haka Hausa ta zauna daram, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinta. Hanyar rabawa kuwa tana nan a shimfiɗe: masu tura fina-finai a kasuwar Kura, da manhajar Xender, da zaurukan WhatsApp. Kwamfuta ɗaya a shagon buga takardu ta ishi mutum biyar.

Ƙorafin da ya fi nauyi na iyaye da malamai ne, cewa wasa shagala ne, kuma ƙofa ce ta caca. Tsoron yana da tushe, domin cacar ƙwallo ta waya ta cinye jarin samari da dama. Sai dai a duba bambancin. An gina caca ne don ta riƙe mutum ta tatse shi, ba ta da ƙarshe. Wasan labari yana da farko da ƙarshe kamar littafi, ba a zuba kuɗi a cikinsa, kuma ba ya buguwa sai da karatu. Mai ƙera shi kuwa dole ya rubuta Hausa daidai, ya yi lissafin buhun taki da farashin kwando, ya tsara cewa in an yi kaza, kaza zai faru, wanda shi ne ginshiƙin rubuta kowace manhaja. Kuma wasan da ɗan unguwa ya rubuta, liman da uba za su iya karanta shi daga farko har ƙarshe su ce a gyara nan. Wanda aka sauko da shi daga ƙasar waje ba su da ta cewa a kansa. Mutanen Iñupiat na Alaska sun gane haka, shi ya sa suka sa dattawansu cikin aikin wasan Never Alone na 2014, aka gina shi kan tatsuniyarsu, aka ba da labarin da harshensu.

Kuɗi fa? Gaskiya ita ce mafi yawan masu yi ba za su samu ko sisi ba, kuma kada a yaudari kowa da alkawarin miliyoyi. Sha'awa ce, kamar dara a gindin bishiya, sai dai tana barin gwaninta a hannu. Shi ya sa nake ganin bai kamata a jira wani shirin gwamnati mai kwamiti da kasafi ba. Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda aka kafa a 1977 don ta samar wa Kano likitoci da injiniyoyi, tana da ɗalibai da malaman da za su iya soma wannan a zango ɗaya. Malamin Hausa da malamin kwamfuta su haɗa kai, a raba ɗalibai uku-uku, kowane rukuni ya zauna da manomi ɗaya daga Bunkure ko Kura ya ji yadda kakar bara ta kaya masa, a ba su mako biyu su mai da ita wasa mai ƙarshe uku ko huɗu. Ranar da aka gama a tura wa manomin a wayarsa, ya buga, ya nuna musu inda suka yi kuskuren lissafin ruwa, sannan a miƙa fayil ɗin ga makaranta ta gaba da izinin ta ƙara nata reshen.