Wa Ya Buɗe wa Antiyokus Ƙofar Haikali?

In kun buɗe Littafi Mai Tsarki tsakanin Malakai da Matiyu, takarda ɗaya za ku tarar, sau da yawa ma fara fat. Wannan takardar tana rufe da shekaru wajen 400. Da can ba mai kula ta. Yanzu kuwa wani irin wa'azi ya shigo wayoyinmu ta WhatsApp da Facebook, ya tono suna ɗaya daga cikin shekarun nan, wato Antiyokus Efifanis, yana yawo da shi. Saƙon kullum iri ɗaya ne: ga Antiyokus na zamaninmu can a waje, mu kuma mu ne Makabiyawa, sai mu tashi. Mun ji matasanmu suna maimaita shi daga Karkarna har Roni da Gwiwa. Mu dai ba mu yarda da wannan karatun ba, don ya ɗauki rabin tarihin ya jefar da rabi, rabin da aka jefar ɗin kuwa shi ne ya fi shafar mu.

Ba wanke mutumin za mu yi ba. Bayan Iskandari Mai Girma ya mutu a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu, jarumansa suka raba mulkin. Yahudiya ta zauna ƙarƙashin sarakunan Masar sama da shekara 100, sannan wajen shekara ta 200 ta koma hannun sarakunan Suriya. Antiyokus na Huɗu ya hau gadon Suriya a 175, ya laƙa wa kansa Efifanis, wato allah da ya bayyana. Mutanen zamaninsa suka murɗa kalmar kaɗan suka ce Efimanis, mahaukaci. Ya kwashe kayan zinariya na Haikali a 169. A 168 ya kai wa Masar yaƙi, jakadan Roma ya tare shi kusa da Iskandariya, ya zana da'ira da sanda kewaye da ƙafafunsa, ya ce sai ya ba da amsar janyewa kafin ya fita daga ciki. Ya janye da kunya, kuma Urushalima ce ta sha haushin. A ƙarshen 167 aka hana kaciya da kiyaye Asabar, aka ƙone littattafan Attaura, aka kafa bagaden arna a kan bagaden Ubangiji. Matan da suka yi wa jariransu kaciya aka kashe su, jariran rataye a wuyansu. Masu nazari da dama suna ganin shi ne ƙaramin ƙahon da ke Daniyel sura 8, da sarkin nan abin raini na sura 11. A kan muguntarsa ba gardama.

Amma shekara 8 ne tsakanin hawansa sarauta da ƙazantar da bagade. Me ya faru a cikinsu? Nan ne masu wa'azin waya suke tsallakewa.

Antiyokus ya gaji bashi. Romawa sun ci ubansa da yaƙi a Magnesiya, suka ɗora masa tarar talanti 15,000, shi kansa Antiyokus ya yi zaman jingina a Roma saboda wannan. Sarki mai neman kuɗi ke nan. Sai ga wani Bayahude, ɗan gidan firistoci, ya zo masa da ciniki. Sunansa na yanka Yeshuwa, ya mai da shi Yason don ya yi daidai da bakin Helenawa. Wansa Oniyas shi ne babban firist, mutum mai tsoron Allah. Yason ya yi wa sarki alkawarin talanti 440 na azurfa a tsige wansa a naɗa shi, ya ƙara 150 a ba shi izini ya gina filin wasannin Helenawa a Urushalima. Ba sarki ne ya aiko da umarni ba. Ɗan gida ne ya je ya roƙa, har ya biya. Littattafan Makabi sun ba da labarin firistoci suna barin hadaya don su je kallon wasa, da samari suna neman hanyar ɓoye kaciyarsu don kada a gane su a filin da ake motsa jiki tsirara. Bayan shekara 3 Yason ya aiki wani Menelawus ya kai wa sarki kuɗi, shi kuma ya ƙara talanti 300 a kan farashin Yason, ya dawo da rawanin. Da biya ya gagara, sai ya shiga sayar da kayan Haikali. Oniyas ya tsawata, aka kashe shi kusa da Antakiya. Ranar da Antiyokus ya shiga Wuri Mai Tsarki, babban firist ne ya yi masa jagora.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, mu dubi namu bangon. A lokacin zaɓen shugabannin ikilisiya, daga na zumuntar matasa har na gunduma, ana raba kati na waya da kuɗin mashin ko ba a rabawa? In kakar siyasa ta zo, ɗan takara ya aiko da ambulan ranar godiya ta kaka, wa yake samun kujerar gaba, kuma wane wa'azi ne yake yin sanyi a makonnin da ke biye? Mu fastoci ba mu cire kanmu daga tambayar ba, ita ce ma ta fara da mu. Yana da daɗi a tsaya kan bagadi a nuna yatsa waje, jama'a su yi ta cewa amin. Nuna Yason da ke zaune a kwamiti shi ne ba ya kawo tafi.

Sai batun takobi. Gaskiya ne, tsohon firist Matatiya na ƙauyen Modin ya ƙi yin hadayar arna, ya gudu duwatsu da 'ya'yansa 5, ɗansa Yahuza Makabi ya ƙwato Haikali aka tsarkake shi a Disamba 164, kusan lokacin da Antiyokus ya mutu can a Farisa. Wannan ne Idin Tsarkakewa da Yahaya 10:22 ya ambata, Ubangijinmu kansa yana Haikali a lokacinsa. Ba mu raina abin da Allah ya yi ta hannunsu ba. Amma a ci gaba da labarin mana. A 152 Yonatan, ƙanen Yahuza, ya karɓi babban firistanci daga hannun wani mai neman gadon Suriya, wato daga gidan da suka yaƙa. Yahaya Hirkanus, jikan Matatiya, ya ci Idumiya ya tilasta wa mutanenta kaciya: zuriyar waɗanda aka hana wa addini da ƙarfi ta koma ɗora addini da ƙarfi. Daga Idumiyawan nan ne Hirudus ya fito, wanda ya karkashe jariran Baitalami. Ɗan Hirkanus, Iskandari Yanayus, in ji Yosifus masanin tarihi, ya gicciye 'yan'uwansa Yahudawa 800 yana shagali yana kallo. 'Ya'yansa biyu suka yi rikicin gado, kowa ya kai ƙara wurin Fomfi janar ɗin Roma, shi kuma a 63 ya ci Urushalima ya kutsa har Wuri Mafi Tsarki. Shekara 101 kacal bayan tsarkakewar.

Wannan ne gadon da ake kiran matasanmu su ɗauka? A nan ƙasar Kazaure da Babura, wanda ake nuna mana a matsayin abokin gaba sau da yawa kawunmu ne, ko wanda muke gayya tare da shi a gonar gero. Mai aiko saƙon muryar daga nesa ba zai zo ya zauna cikin tokar ba.

Wani zai ce ai littattafan Makabi ba sa cikin 66 ɗinmu, me ya kai mu? Haka ne, ba mu kafa koyarwa a kansu. 'Yan'uwanmu Katolika suna da su a nasu Littafin, mu kuwa muna karanta su a matsayin tarihi, yadda muke karanta Yosifus. Amma wanda ya ɗebo Antiyokus da Yahuza daga cikinsu ba shi da ikon hana mu ɗebo sauran.

A cikin sauran akwai Ele'azara, malamin Attaura mai shekara 90. Aka tilasta masa cin naman alade ya ƙi. Masu tsaron, waɗanda suka daɗe da saninsa, suka ja shi gefe suka ba shi shawara ta tausayi: ya kawo nasa naman mai tsarki ya ci a gaban jama'a, a ɗauka na sarki ya ci, ya tsira. Babu dokar abinci da zai karya. Duk da haka ya ƙi, dalilinsa kuwa matasa ne, kada su ga tsoho ya sauya a ƙarshen ransa su bi sawunsa. Aka yi ta dukansa har ya mutu. Akwai kuma uwar nan da aka kashe 'ya'yanta 7 a gabanta rana ɗaya, suna mutuwa da begen tashin matattu. Masu fassara da yawa suna ganin irin su marubucin Ibraniyawa yake nufi a 11:35.

Shawarar da aka ba Ele'azara ita ce ake ba ku a yau, ba ta takobi ba. Ba wanda zai ce ku yi musun Yesu. Cewa za a yi, a takardar neman aiki ka rubuta ɗaya sunan ka bar na baftisma, in an tambaye ki inda kike zuwa ran Lahadi ki ce gidan gwaggo, ai Allah ya san zuciya. Mai ba da shawarar ma yawanci masoyi ne, wani lokaci dattijon ikilisiya. Ƙannenku na makarantar Lahadi kuwa suna ganin sunan da kuka rubuta.