Shekaru 100 da shari'ar Billy Mitchell: abin da ya rage wa rundunonin Sahel su koya

Ranar 17 ga watan Disamba na 1925, kotun soja a birnin Washington ta samu Kanal Billy Mitchell da laifin rashin ɗa'a ga shugabanninsa, ta dakatar da shi daga aiki tsawon shekara biyar ba albashi. Shekaru ɗari bayan nan, gardamar da ya tayar ta iso yankin Sahel, inda jirage marasa matuƙi suka zama makamin da kowace runduna ke nema.

Mitchell ne ya jagoranci jirage kusan 1,500 na Amurka da ƙawayenta a fafatawar Saint-Mihiel ta ƙasar Faransa a 1918. Ya koma gida da imanin cewa wanda ya riƙe sama shi ke da rinjaye a yaƙi. Manyan hafsoshi suka ce jirgin sama ɗan aiken sojan ƙasa ne kawai. A watan Yuli na 1921 ya nuna musu a aikace: matuƙansa suka nutsar da Ostfriesland, wani katafaren jirgin ruwan yaƙi da aka karɓe daga Jamus. A 1924 ya rubuta rahoto yana gargaɗin cewa Japan na iya kai farmaki ta sama a Pearl Harbor.

Maimakon a saurare shi, aka tura shi Texas da muƙamin kanal. Da jirgin balan-balan na sojan ruwa mai suna Shenandoah ya faɗi a Satumban 1925 ya kashe mutum 14, Mitchell ya zargi ma'aikatun soja da sakaci a gaban ƴan jarida. Wannan ya kai shi kotu. Ya ajiye kaki a 1926, ya mutu a 1936. Japan ta afka wa Pearl Harbor a 1941, sannan a 1947 Amurka ta kafa rundunar sama mai cin gashin kanta.

Abin da ya nema ya wuce sayen jirage. Ya nemi makarantun matuƙa, makanikai, kasafin kuɗi na daban, da jagoranci guda da ke ɗaukar alhakin duk abin da ya tashi sama. Nan ne labarinsa ya shafi Sahel. Nijar, Mali da Burkina Faso duk sun sayi jirage marasa matuƙi ƙirar Bayraktar daga Turkiyya. Sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka sun fice daga sansanin Agadas a 2024. Aikin leƙen asiri ta sama, gyara da horo yanzu sun koma wuyan rundunonin AES da abokan hulɗar da suka zaɓa.

Maƙwabciya Najeriya ta ga illar rashin tsari. A Disamban 2023 jirgi maras matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a wurin Maulidi a Tudun Biri, jihar Kaduna. Sojan sama suka ce ba su ba ne, daga baya sojan ƙasa suka amsa cewa jirginsu ne.

Shi ma Mitchell ya yi zuzutawa. Ostfriesland a tsaye yake, ba kowa a ciki, ba mai mayar da wuta. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun nuna cewa bam daga sama shi kaɗai ba ya riƙe gari. A Sahel abin ya fi wuya, domin ɗan bindiga da ɗan kasuwa babur iri ɗaya suke hawa, kuma na'ura ba ta rarrabe su sai da sahihin bayani daga mutanen ƙauye.

Tambayar da shari'ar 1925 ta bari tana nan: idan ƙaramin hafsa ya ga giɓi a tsari, akwai ƙofar da zai bi a ji shi tun kafin a yi asarar rayuka? Amurka ta ba Mitchell lambar yabo a 1946, shekara goma bayan an binne shi.