Ta Wane Gefe Ake Fasa Ƙwai?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, ashe ita ma na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta tsira daga wannan hali ba, kuma mu ne muke shan wahalarsa.

A zangon karatun da ya wuce, wasu daga cikinmu masu binciken shekarar ƙarshe sun karɓi wani fayil na alƙaluman ruwan sama wanda wata tsohuwar na'ura ta rubuta. Da muka karanta shi a kan kwamfutocin ɗakin gwaji, sai watan da aka yi ruwa milimita 20 ya fito da 5,120. Nan take muka yanke hukunci cewa fayil ɗin ya lalace, har muka yi niyyar watsar da shi. Abin da ya fi ba mu tsoro daga baya shi ne, inda tsohon littafin rajista ya ce 258, na'urarmu ta ce 513. Wannan adadi ba ya kama da shirme, saboda haka da shi kaɗai muka gani, da ya shige cikin rahoto babu mai tankawa.

Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, mu ne muka karanta shi a baibai. Kwamfuta tana ajiye lamba ne cikin ƙananan gurabu da ake kira bayit, kowanne ba ya ɗaukar abin da ya wuce 0 zuwa 255. Lambar da ta fi haka sai an raba ta. Alal misali, 258 ita ce 256 sau ɗaya da ɗoriyar 2, watau gurbi guda ya riƙe 1, ɗayan ya riƙe 2. To, wanne za a fara rubutawa? Manyan na'urorin IBM tun daga System/360 ta 1964, da Motorola 68000, suna sa babban gurbi a gaba. Na'urorin Intel da VAX kuwa ƙaramin suke fara sawa. In aka juya, sai a sami 256 sau biyu da ɗoriyar 1, ga 513 ke nan. A lamba mai gurabu huɗu, 1 tak takan koma 16,777,216.

Wanda ya tashi da allo kafin ya shiga boko ya san wannan darasi tun yana yaro: ajami daga dama ake fara shi, boko daga hagu, kuma babu wanda ya fi wani gaskiya. Haka Danny Cohen ya nuna a wata maƙala tasa ta 1980, inda ya kwatanta masu wannan gardama da mutanen labarin Gulliver na Jonathan Swift, na 1726, waɗanda suka yi yaƙi a kan ta wane gefe ya kamata a fasa dafaffen ƙwai. Abin da ya nema shi ne a yi yarjejeniya, ko ma wane gefe aka zaɓa.

Wani zai ce ai zance ya ƙare, tun da galibin kwamfutocin yau da wayoyin hannu ƙaramin gurbi suke sawa a gaba, har kamfanin Apple ma ya koma kan Intel a 2006 kafin ya ƙera nasa. Mu dai ba mu yarda ba. Ƙa'idojin intanet har gobe babban gurbi suke gabatarwa, haka manyan na'urorin IBM da bankuna suke aiki da su. Bugu da ƙari, fayil yakan fi na'urar da ta haife shi tsawon rai. Alƙaluman albashi da na asibiti da na binciken noma za su ga jikokin kwamfutar da ta rubuta su.

Don haka muna kira da abu biyu. Na farko, tun ran gini tun ran zane: duk wanda ya tsara fayil, ya rubuta tsarin jerinsa a cikinsa. Hotunan TIFF suna farawa da haruffa biyu, II ko MM, don shaida wa mai karatu inda aka dosa, sannan lambar 42 ta biyo baya don ya tabbatar. Na biyu, mai rubuta manhaja kada ya kwashi lamba ɗungurungum ya dogara da al'adar na'urarsa. Ya ɗauko gurabun ɗaya bayan ɗaya, ya ninka babban sau 256, ya tara da ƙaramin, kamar yadda tsarin fayil ya faɗa. Manhajar da aka gina haka za ta ba da amsa guda a kan kowace na'ura. Sannan a gwada ta da adadin da aka riga aka sani kafin a amince mata.

Daga ƙarshe, muna roƙon malamanmu su sa wannan cikin darasin shekarar farko. Gobe mu ne za mu gaji fayilolin ma'aikatu, kuma kuskurenmu a kan albashin wani ko maganin wani zai faɗa. Matambayi dai ba ya ɓata.