Mai Kantin Maganin Zangonmu Shi Kaɗai Yake, Wa Zai Yi Magana da Yawunsa?

A watan Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota a Legas, da na bakin gadar Onica, da na Aba, tana farautar jabun magunguna da waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Aiki ne da ya kamata, babu mai hankalin da zai so a ɗura wa ɗansa jabu. Amma abin da na gani a zangonmu lokacin ne har yau yake ci mini rai.

Ni ɗan kara ne, a Akinyele ta Ibadan na tashi, shanu mahaifina yake sayarwa. A layinmu akwai wani ɗan Arewa da ya karanci haɗa magunguna a jami'a, da lasisinsa, wurinsa nake karɓo wa Baba maganin hawan jini duk wata. Da aka rufe kasuwannin nan kaya suka yi wuya, kuɗi ya hau. Na ce masa, "Yallaɓai, yaushe za a buɗe?" Ya yi dariya ya ce shi ma a Facebook yake gani, kamar ni. Tun safe har goman dare yana shago, ba shi da wanda zai bar wa, balle ya je taron abokan sana'a.

Ƙungiyoyin fa suna nan. Akwai PSN ta masana magunguna tun 1927, akwai ACPN ta masu kantunan unguwa, ga NAPPMED ta 'yan kemis. Da irinsu hukuma take zama idan za a canza ƙa'ida. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar PCN, wadda ta ƙara mata iko a kan duk inda ake sayar da magani. A 2024 aka tilasta wa 'yan kasuwar magani ta Sabon Garin Kano komawa sabuwar cibiya a Dangwauro, kuma tsarin ya haɗa da Legas da Onica da Aba. Kun ga ke nan canjin yana tafe Kudu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Abin takaicin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin namu ya san tsohuwar da ba ta jin Turanci ko Yarbanci, sai an zana mata layi a kwali kafin ta gane sau nawa za ta sha. Ya san yaran mota da ke neman tiramol, ya san masu tallar magani a tire cikin rana a bakin kara. Wannan ilimi ne da mai rubuta doka yake buƙata, amma a shago yake kwana.

Mu a kara ba haka muke ba. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, ƙungiyar fataken shanu da kayan abinci ta tsayar da lodi zuwa Kudu, cikin 'yan kwanaki manya suka zauna da ita. Ba cewa nake a yi yajin aiki da magani ba, rai ne. Ina nufin an saurare su ne don bakinsu ɗaya.

Shawarata ga masu kantin magani da 'yan kemis namu na Sabo da Agege da Shagamu da Lokpanta: ku yi rajista a reshen ƙungiyarku, ku biya kuɗin wata, ku ware mutum ɗaya ya riƙa zuwa taro yana kawo muku bayani da Hausa. Sarakunan Hausawa kuma su tara su kamar yadda suke tara dillalai, a taimaki marasa lasisi su bi hanya tun kafin a zo da kwaɗo. Ranar da shagon layinmu ya rufu, su Baba ne za su fara ji a jikinsu.

Allah Ya sa mu dace.