Amanar Gida Idan Tafiya Ta Kama

A zamanin kakanninmu, mutum yakan ɗauki sandarsa da gorarsa ya nufi aikin Hajji ta Barno da Wadai da Darfur, ya yi shekaru bai waiwayo ba, amma ba ya kwana da tunanin wanda zai tsare masa gida, domin gidan gandu ba ya zama kango: in wa ya fita ƙane yana nan, ga tsohuwa a ɗakinta, zaure kuma ba ya rabuwa da masu hira. Yau kuwa ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya gina gidansa a sabuwar unguwa a gefen Kano ko Kaduna ko Maraɗi, daga shi sai iyalinsa, idan hutun Sallah ya zo, ko Allah ya nufe su da Umra, sai a kwashe gaba ɗaya a bar gida ba ko kaza.

Yawancinmu mun ɗauka cewa da zarar an sayi ƙaton kwaɗo an datse ƙofa, magana ta ƙare, alhali kuwa kwaɗon da ya kwana uku rataye a waje, ga ganyen darbejiya ya taru a bakin ƙofa ba a share ba, ga fitilar waje tana ci da rana tsaka, shela ce ga mai sana'ar dare cewa masu gida ba sa nan. Wani ma yakan sauƙaƙa wa ɓarawo wahalar bincike, ya ɗora hotonsa a Facebook tun daga tasha, har da ranar komowa.

Kuma ba ɓarawo kaɗai ake tsoro ba. Sau da yawa ana cikin haɗa kaya ake ɗauke wuta, dutsen guga yana jone a kan shimfiɗa, hankali ya tafi ga yara da mota, a fita a manta. Sai can tsakar dare a maido da wutar, ba kowa a gidan. Saboda haka wajibi ne a kashe lantarki daga wurin mita, a rufe tukunyar gas, a kwashe naman da ke cikin firji, a kuma duba kan famfon da aka buɗe lokacin da babu ruwa. Da yake Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wata sa'a takan faɗo cikin hunturu, lokacin gobara, wata sa'a cikin damina, sa'ad da indararon da ya toshe ko kwatar da ba a yashe ba kan tara ruwa a gindin katanga har ya kayar da ita.

Amma duk wannan, a ganina, rabin aiki ne, domin babu abin da ke tsare gida kamar idon maƙwabci. Shari'a ba ta bar wannan babi ba bayani ba: malaman fiƙihu sun yi wa ajiya, wato wadi'a, bayani a littattafan Risala da Muhtasar, suka tabbatar cewa wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, sai da ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyoyinsu. Wanda ya ce "Allah ne mai tsarewa" ya faɗi gaskiya, sai dai tawakkali bai taɓa hana riƙo da sababi ba.

Ladabin abin shi ne mutum ya taka da ƙafarsa ya yi sallama da maƙwabcinsa, ya ce, "Malam, za mu leƙa gida, ga makulli, ga lambar wayata, ran kaza za mu komo in Allah ya yarda," sa'an nan ya sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, ya biya kuɗin sintirin da ke kansa. Na san za a ce maƙwabcin yanzu ba abin yarda ba ne. To amma wanda ya shekara bai yi wa maƙwabcinsa barka ko ta'aziyya ba, da wane ido zai miƙa masa makulli? Kada kuma a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa: zinariyar uwargida da takardun fili a kai su banki ko hannun ɗan'uwa.

Wanda yake da maigadi kuwa, ya ji tsoron Allah ya biya shi albashinsa kafin ya tashi, ya bar masa hatsi da kuɗin cefane, domin shi ma yana da iyalin da ke jiran kayan Sallah, kuma saboda gidan wani ne zai yi Idi nesa da su.