Dashen sassan jiki: doka da hukuma kafin wuƙar likita

A watan Mayu na 2023 wata kotu a birnin Landan ta yanke ma Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Nijeriya, ɗaurin shekara 9 da wata 8. Shi da matarsa da wani likita suka ɗauko wani saurayi ɗan shekara 21, mai tallar kayan wayar salula cikin baro a Legas, suka kai shi Ingila domin a cire mishi ƙoda a dasa ma ɗiyarsu, suka shaida ma asibiti cewa ɗan'uwanta ne. Ladar da aka ce an yi mishi alkawari ba ta wuce fam 7,000 ba, miliyon biyar da ɗoriya na sefa ke nan, kuɗin mota ɗaya ta hannu daga Kwatano.

Wani likita na asibitin Royal Free ne ya tsirar da yaron: ya zaunar da shi, ya yi mishi tambayoyi, ya lura bai san abin da za a yi mishi ba, ya ƙi aikin. Ko da ya yarda ma, da sauran ƙofa, domin dokar ƙasar ta 2004 ta hana a cire ƙodar mai rai sai wata hukuma ta daban ta tabbatar ba a biya shi ba, ba a kuma tilasta mishi ba.

Uban da ɗiyarsa ke kwance ba dodo ba ne. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda, awa huɗu a jikin na'ura, sau biyu ko uku a mako, ya san yadda hankali ke gushewa. A Yamai, Maraɗi da Damagaram an san ɗan kasuwar da ya saida fili da kanti ya nufi ƙasar waje neman dashe. An san ma'aikacin da albashinsa ya ƙare a kantin magani yana jiran takardar fitar da shi. Hawan jini da ciwon suga, manyan masu kashe ƙoda, ba su ragu ba. Inda mai kuɗi ke neman rai, talaka ke neman abinci, dillali ba ya nisa. Hukuma kaɗai ke iya shiga tsakaninsu.

Ƙasar Sipaniya ta nuna yadda ake shiga. Tun 1979 take da doka mai cewa kowane mamaci mai kyauta ne sai in ya ƙi tun yana da rai. Shekara goma dokar na kwance cikin takarda, ba wani abin a zo a gani. A 1989 aka kafa hukumar dashe ta ƙasa, aka damƙa ta ga wani likitan ƙoda, Rafael Matesanz. A lokacin masu kyauta kusan 14 ne cikin kowane mutum miliyon ɗaya. A 2024 sun zarce 50, ƙasar kuma ta fi shekara 30 tana kan gaba a duniya. Ba sabuwar doka aka yi ba. An naɗa ma kowane babban asibiti jami'i, galibi likitan sashen da ake jinyar masu rai kwakwai mutu kwakwai, aka koya mishi gane wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, da zama da iyali cikin ladabi a sa'ar da ta fi kowace zafi. Duk da abin da doka ta ce, ba a taɓa gawa sai dangi sun yarda. Ana raba sassan bisa ƙa'idar likitanci, baitulmali ke biya, ɗan minista da ɗan dako layinsu ɗaya.

Wani zai ce wannan zancen Turai ne, kuma da gaskiyarsa: ɗaukar sassa daga mamaci na buƙatar na'urori da wutar da ba ta ɗaukewa. Sai a dubi Senegal. Ta yi dokarta a 2015, ta fara da kyautar mai rai tsakanin dangi, ta haramta ciniki, ta kafa majalisar ƙasa mai ba asibitoci izini. Sai a Nuwamba 2023 aka yi dashen ƙoda na farko, a asibitin soja na Wakam a Dakar. Shekara 8 jira ne mai tsawo, mutane da dama sun riga mu gidan gaskiya a cikinsa, laifin jinkirin kuma na mahukunta ne. Amma ranar da aka soma, an san wa ya ba da, an san wa ya yarje.

Ta fuskar addini hanya a buɗe take. Majalisar fiƙihun Musulunci da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dasa sashen mamaci ga mai rai da izininsa ko na magadansa, ta haramta saye da sayarwa. Ƙa'idojin hukumar lafiya ta duniya na 1991 su ma a kan hana ciniki suka tsaya.

Batun bincike kuwa an fi mantawa da shi. Waccan dokar Ingila ta 2004 abin kunya ne ya haife ta: a 2001 wani rahoto ya tona cewa asibitin yara na Alder Hey, a Libaful, ya ajiye sassan jikin ɗaruruwan yaran da suka rasu ba da sanin iyayensu ba. Jinin da ake ɗiba da ruwan ƙashin baya da ake zuƙa duk lokacin sanƙarau su ma sassan mutum ne. Ya kamata mai su ya san inda ake ajiye su, da sharaɗin da ke kansu in za su ƙetare iyaka.

Abin da ake jira daga ma'aikatar lafiya bai kai tsadar ɗakin fiɗa ɗaya ba: hukuma guda mai cin gashin kanta, da likitoci, alƙalai, malamai da wakilan marasa lafiya a cikinta, rajistar masu jira da ba a gyara ta da wayar wani babba, alƙalin da zai gana da mai kyauta shi kaɗai, cikin harshensa, ba dangin mai karɓa a ɗakin. Mai kyautar nan, in ya dawo da ƙoda ɗaya, a bi lafiyarsa kyauta har ƙarshen ransa. Wanda kuma aka yi ma dashe a waje, a san daga wa ƙodar ta fito, a kuma saka maganin hana jiki ƙin dashen, wanda zai sha kullum, cikin kasafin kuɗin ƙasa.